Yadda ake saita fedodin jita masu jin nauyin hannu

Feda ƙaramin akwati ne da ake takawa da ƙafa, a tsakanin jitar lantarki da amfilifaya, domin sauya sauti. Akwai fedodin da ba ruwansu da hannun makaɗi. Ka taka, su yi abin da aka saita su a kai, ko shafar tsirkiya ka yi ko dukanta. Tiremolo da eko na yau da kullum haka suke. Akwai kuma waɗanda suke canza murya gwargwadon nauyin hannu: filta mai tace sauti wadda take buɗewa da kanta, kwamfiresa mai matse ƙara, foz da obadiraif masu kausasa sauti, feda mai haɗiye farkon sauti, eko mai ja da baya, da get ɗin surutu mai rufe hanya idan ba a kaɗi. Waɗannan su ne mutane suke saya da tsada, su gwada kwana biyu, su ce ba ta aiki. Galibi kuwa lafiyarta lau, ba a dai daidaita ta da hannun mai ita da jitarsa ba.

Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne feda ba ta ganin hannunka. Ƙarfin lantarkin da ya iso bakinta kaɗai ta sani. Fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi naɗe da siririyar wayar tagulla, yana mayar da motsin tsirkiya 'yar sigina wadda yawanci ba ta kai bolt 1 ba. A cikin yawancin fedodin nan akwai wani sashe mai bin sawun wannan sigina. Yana juya ta ta koma gudu gefe ɗaya, ya zuba ta cikin kafasita, rezista kuma tana tsiyaye ta a hankali. Kamar tulu ne mai ɗan huji a gindi: duka mai ƙarfi ya cika shi nan take, ka yi shiru ya riƙa raguwa. Cikar nan da raguwar ita ce take murɗa filta, ko ta rage ƙara, ko ta rufe get. Don haka duk abin da ya taɓa ƙarfin sigina kafin ta iso, tun daga tsayin fikof har zuwa fedar da ke gaba a layi, ya riga ya shiga cikin saitin, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Fara daga jitar

Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato na ƙarshe cikin ƙarafunan da ke gicciye a wuyan jita, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙasanta da kan maganaɗisu. Ga fikof mai naɗi ɗaya irin na Stratocaster, kamfanin Fender yana ba da kimanin milimita 2 a gefen kakkaurar tsirkiya, milimita 1.6 a gefen siririya. Idan fikof ya matso sama fiye da haka, kowane taɓi yana fitowa da ƙarfi, tazarar da ke tsakanin shafa da duka ta ƙuntata, maganaɗisun ma ya riƙa jan tsirkiya har sauti ya yi rawa. Idan ya yi ƙasa da yawa, filta ba za ta samu abin da zai buɗe ta ba. Murɗa sukurorin gefe rabin zagaye rabin zagaye, kana saurara. Sannan ka daidaita fikof na wuya da na gindi su zo kusan ƙara ɗaya. Tsirkiya ta fi lilo a wajen wuya, saboda haka na wuyan ya fi ƙara idan tsayinsu ɗaya ne, kuma saitin da ya yi daidai a kan ɗaya sai ya ɓaci da zarar ka sauya zuwa ɗayan.

Fikof mai naɗi biyu, hambaka, ya fi mai naɗi ɗaya ƙarfi sosai. Wanda yake da jita biyu ya san cewa saiti biyu yake bukata.

Tsofaffin tsirkiyoyi da suka sha gumi da ƙura sun rasa zaƙin sama, kuma filta da wannan zaƙin take aiki, don haka a canza su kafin a yanke wa feda hukunci. 'Yar robar kaɗi ma tana da nata. Mai kaurin milimita 0.46 ko 0.60 lanƙwashewa take yi idan ka doka, ta shanye ƙarfin da ka sa, sai duka da shafa su fito kusan ɗaya. Daga 0.88 zuwa 1.14 ne hannu yake isa ga tsirkiya yadda yake.

Kafin ka kunna kowace feda, haɗa jita kai tsaye da amfilifaya a sauti mai tsabta, boliyum ɗin jita a 10. Zaɓi sauti ɗaya, misali firet na 7 a tsirkiya ta 4. Kaɗa shi sau huɗu a hankali, sau huɗu a matsakaici, sau huɗu da ƙarfi. Idan kunnenka bai ji hawa uku daban-daban ba, babu fedar da za ta ji su. Wannan gwajin hawa uku da shi za a saita duk abin da ke tafe.

Filta mai buɗewa da kanta

Ita ce uwar wannan dangi. A 1972 kamfanin Musitronics na jihar New Jersey a Amurka ya fitar da Mu-Tron III, wadda Mike Beigel ya tsara, kuma Stevie Wonder da Bootsy Collins da Jerry Garcia suka sa duniya ta san muryarta. Yawancin na yau, irin su Q-Tron ta Electro-Harmonix wadda shi Beigel ɗin ya tsara daga baya, da Boss AW-3, da MXR M82 ta masu bes, a kan tunani ɗaya suke. Sautin “wau” da fedar wah-wah take bayarwa idan an motsa ƙafa, a nan hannun dama ne yake bayar da shi.

Maɓallan da aka saba gani guda biyar ne, sunayensu kuma a rubuce a jikin akwatin. Gain ko Sens shi ne yawan siginar da take shiga sashen mai bin sawu. Peak ko Q shi ne kaifin filtar. Mode yana zaɓen abin da za a bari ya wuce: LP yana barin kauri ya yanke sama, BP yana barin tsakiya kawai, HP yana barin siririn sauti ya zubar da kauri. Range yana zaɓen ko filtar ta yi yawo a ƙasa ko a sama. Drive, a kan Mu-Tron da Q-Tron, yana zaɓen ko duka ya buɗe ta zuwa sama ko ya tura ta ƙasa. Masu jita suna kwatanta wurin da maɓalli yake da agogo: ƙarfe 7 shi ne ƙarshen hagu, ƙarfe 12 tsakiya, ƙarfe 5 ƙarshen dama.

Kashe duk sauran fedodi. Sa Mode a LP, Drive a Up, Peak a ƙarfe 12, Sens a ƙarshen hagu. A nan sauti zai fito a toshe, kuma haka ya kamata. Riƙa kaɗa sautin nan ɗaya a matsakaicin ƙarfi, kana ɗaga Sens kaɗan kaɗan, har ka ji filtar ta fara buɗe baki. Tsaya nan. Yanzu gwada hawa uku. Abin da ake nema shi ne shafa ta bar ta kusan a rufe, matsakaici ya buɗe ta rabi, duka ya kai ta ƙarshe ta dawo. Idan shafa ma tana buɗe ta, koma baya kaɗan. Wurin da ya dace ɗan ƙanƙane ne, sau da yawa bai wuce tazarar awa ɗaya a agogon ba, shi ya sa masu murɗawa da gaggawa suke tsallake shi ba su sani ba. Sai bayan nan za ka taɓa Peak. Ɗaga shi yana ƙara jiƙa sautin, amma yana ƙara tsinin ƙara a daidai inda filtar take wucewa, kuma a kan babbar lasifika wannan tsinin yana soke kunne. Ƙarfe 1 zuwa 2 ya ishi yawancin jita. A kan Mu-Tron da danginta ka lura cewa Gain yana ƙara ƙarar da take fita ma, don haka bayan ka saita shi ka kwatanta ƙarar feda a kunne da a kashe.

Ga jita mai rakiya a cikin ƙungiya, BP ya fi ratsawa, amma yana sirantar da sauti. Mai bes ya zauna a LP da Range a Lo, in ba haka ba gindin kiɗan zai ɓace duk lokacin da ya taka. M82 tana da maɓallin Dry daban domin a mayar da asalin kaurin a ƙarƙashin filtar.

Matsalolin da aka fi kawowa kusan duk daga wuri ɗaya suke. Idan filta ta tsaya a buɗe, sauti siriri mai tsini ba ya motsi, sigina ta yi mata yawa: ko Sens ya wuce, ko akwai kwamfiresa ko obadiraif a kunne a gabanta. Idan ta ƙi buɗewa, duba boliyum ɗin jita tukuna, don saukar da shi daga 10 zuwa 7 ya isa ya kashe ta gaba ɗaya. Idan tana aiki a sauti ɗaya ɗaya amma ta shaƙe da zarar ka share tsirkiyoyi shida, dalili shi ne ƙarfin shidan ya haɗu ya cika kafasitar, ba ta samun damar tsiyayewa kafin shara ta gaba. Maganinsa a hannu yake: kama tsirkiya biyu ko uku, ka sassauta yatsun hagu nan da nan bayan kowace shara domin sautin ya mutu. Shirun da ke tsakanin sautuka shi ne yake mayar da filta gida. Wanda ba ya kashe tsirkiya ba zai taɓa jin daɗin wannan feda ba, komai tsadarta.

Akwai kuma wani gurgur da ake ji a wutsiyar sauti, musamman a kaurara. Kakkaurar tsirkiyar jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, wato kowane zagaye kimanin milisakan 12, ta bes kuma sau 41, kimanin milisakan 24. Idan kafasitar tana tsiyayewa da sauri kusa da haka, sai filtar ta fara bin kowane zagaye maimakon ta bi sautin gaba ɗaya. Ƙara Decay idan fedar tana da shi, ko ka sa Response a Slow a kan Q-Tron+. Idan babu ko ɗaya, rage Peak yana ɓoye shi.

Masu kaɗi irin na Agadas, da yatsa ba da roba ba, babban yatsa yana riƙe da kakkaurar tsirkiya tana amo ba yankewa yayin da manuniya take zuba waƙa a sama, suna da wata matsala tasu. Wannan amon da ba ya tsayawa yana riƙe filta a rabin buɗe kullum, sai waƙar saman ta rasa inda za ta motsa ta. A nan a sa Sens ƙasa da yadda aka saba, a koma fikof na gindi wanda bai cika ɗaukar kauri ba, a ɗan sauke gefen kakkaurar tsirkiya na fikof ɗin da rabin zagaye. Sautukan da ake fitarwa da yatsun hagu kaɗai, ta hanyar bugawa a firet ko fizgewa, ba su da ƙarfin farko, don haka filtar za ta buɗe ne a sautin farko na jimla ta riƙa rufewa a kan sauran. Wannan ba aibi ba ne, yana ma da daɗi idan an san da shi an tsara jimlar a kansa.

Wa zai riga wa a layi

Kwamfiresa aikinta rage tazara tsakanin ƙarfi da sanyi. A kan rabon 4:1, siginar da ta haura iyaka da desibel 8 za ta fito ta haura da 2 kacal. To idan ka sa ta gaban filta, ka shafe abin da filtar take ci da shi. Haka obadiraif da foz, don su ma matse sigina suke yi ta hanyar yanke mata kai. Tsarin da ya fi aminci: jita, foz irin na da idan akwai (shi sai jita ta shiga cikinsa kai tsaye, dalilin yana tafe), filta, kwamfiresa, obadiraif, sannan eko da ribab mai ba sauti amon ɗaki. Kwamfiresa a bayan filta tana da amfani na musamman, ita ce take danne tsinin nan na Peak kafin ya kai lasifika.

Wani zai ce ai filta a bayan foz ta fi kauri da daɗi. Gaskiya ne, don foz yana ba ta abin taunawa da yawa. Abin da ya sa Q-Tron+ take da ramukan Send da Return ke nan: ka sa foz a tsakaninsu, fedar ta riƙa jin nauyin hannu daga tsabtatacciyar sigina, amma ta tace sautin da ya fito daga foz. Idan taka ba ta da su, kuma ka nace sai ta zauna a baya, rage Drive na obadiraif zuwa ƙarfe 9, ka sake saita Sens yayin da yake kunne, ka kuma amince cewa saitin ba zai yi aiki ba idan ka kashe shi.

Ita kanta kwamfiresa, kada a cika ta. MXR Dyna Comp maɓalli biyu gare ta, Output da Sensitivity, kuma Sensitivity da ya wuce ƙarfe 12 yana mayar da hawa uku hawa ɗaya, ya ɗago surutu duk lokacin da ka yi shiru. A kan Boss CS-3, murɗa Attack zuwa dama yana barin farkon sauti ya wuce kafin matsi ya kama. A kan waɗanda aka rubuta lokaci a jikin maɓallin Attack, milisakan 10 zuwa 30 ya isa. Masu maɓallin Blend, irin Keeley Compressor Plus, su ne suka fi dacewa da wanda yake son hannunsa ya ci gaba da magana, don rabin sautin yana wucewa ba a matse shi ba.

Duk wannan ya shafi masu akwati ɗaya mai haɗe da komai, irin Zoom G1X Four ko Boss GT-1. Saitunan da suka zo daga kamfani da yawansu suna da kwamfiresa ko mai rage surutu a gaba. Shiga cikin saitin, ka matsar da filtar zuwa gurbin farko.

Foz da obadiraif

Waɗannan ba su da sashe mai bin sawu, amma suna jin hannu ta wata hanya. A cikin obadiraif akwai dayod da ba ya barin sigina ta wuce wani tsayi. Dayod na jamaniyum yana fara yankewa a wajen bolt 0.3, na silikon a 0.6 zuwa 0.7, jan LED kuma sai wajen 1.7. Siginar da ba ta kai wannan tsayi ba tana wucewa da tsabta, wadda ta kai a aske mata kai, askin nan shi ne kaushin da ake ji. Maɓallin Drive yana ninka sigina kafin ta isa dayod. A Tube Screamer, wadda Ibanez ta fitar da samfurin TS808 a 1979, ninkin yana tashi daga kimanin sau 12 zuwa sau 118. A ƙarshen dama ko numfashin tsirkiya ya kai ga dayod, kuma daga nan hannu ba shi da sauran ta cewa.

Saitin a nan juyin abin da mafari yake yi ne. Sauke Drive zuwa ƙarfe 8 ko 9, ɗaga Level har ƙarar feda ta ɗan fi ta kashe. Kaɗa a matsakaici kana ɗaga Drive har ka ji gefen sautin ya fara kaushi, ka tsaya. Shafa ta fito da tsabta, duka ya yi gurnani. Boss BD-2, wadda ta fito a 1995, ta yi suna a wannan aiki, a wajen ƙarfe 9 zuwa 11. Tube Screamer ta fi matsewa, kuma ba ta cika ninka abin da ke ƙasa da 720 Hz ba, shi ya sa kaurara suke fitowa da ɗan tsabta, tsakiya ya yi gaba. Masu yankewa da LED, kamar Turbo RAT, sun fi barin fili tsakanin sanyi da ƙarfi fiye da masu silikon irin Boss DS-1. Wasu fedodin an ƙera su su karɓi bolt 18 domin ƙarin fili, amma sai wadda aka rubuta haka a jikinta ko a takardarta. Klon Centaur da masu kwaikwayonta suna ninka bolt 9 da kansu a ciki, a ba su 18 sai su ƙone.

Fuzz Face kuwa, wadda kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966, tiransista biyu ce kawai da 'yan tarkace, amma har yau babu wadda ta fi ta jin hannu da boliyum ɗin jita. Bakinta yana da ƙarancin turjiya, 'yan kilo-om kaɗan, alhali yawancin fedodi suna da 500k zuwa 1M. Saboda haka fikof da boliyum ɗin jitarka sun zama wani ɓangare na cikinta. Sa Fuzz a kusan ƙarshen dama, Volume yadda ya dace, ka bar ta a kunne, sauran aikin a jikin jita yake. A 10 foz ne cikakke, a 8 ya koma kaushi mai jin hannu, a 6 ko 7 sauti mai tsabta mai ƙyalli wanda ya fi na amfilifaya ita kaɗai haske. Sharaɗin shi ne jita ta shiga cikinta kai tsaye. Fedodin Boss, har da tuna irin TU-3, wato fedar gyara amon tsirkiya, suna da bafa, wani sashe mai riƙe ƙarfin sigina a hanya, wadda take aiki ko an kashe su, kuma bafa a gaban Fuzz Face tana sa ta yi tsawa mai tsini, ta daina tsabtacewa idan an rage boliyum. Na'urar da take aika sigina ba waya ma haka take yi mata. Tunar ta koma bayanta.

Idan rage boliyum yana dusashe sautin jitarka, ana haɗa kafasita 0.001 µF tare da rezista 150k gefe da gefe, ƙafafunsu a haɗe ta ɓangarorin biyu, a liƙa su da dalma tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta boliyum ɗin. Da obadiraif wannan gyara yana taimakawa ƙwarai. Da Fuzz Face a gwada kafin a rufe jitar, don wani lokaci hasken yana yin yawa. A duba harafin da ke jikin boliyum ɗin ma: a yawancin na yau A250K yana sauka yadda kunne yake so, B250K kuma sai ka kusa kai ƙasa kafin foz ya tsabtace.

Ga wanda yake kiɗa a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, akwai maganar zafi. Na farkon Fuzz Face da tiransistocin jamaniyum irin NKT275 aka yi su, kuma yoyon lantarkin jamaniyum yana kusan ninkawa duk ƙarin digiri 10. Fedar da aka daidaita a ɗaki mai digiri 22, idan ta zauna a filin biki a watan Afrilu, a kan siminti mai zafi, za ta fara tsinkewa, wutsiyar sauti ta riƙa yankewa, boliyum ya daina tsabtace ta. Mai gyara zai iya aunawa da mita a kolektar tiransista ta biyu, inda ake neman kimanin bolt 4.5, rabin batir. Wadda take da maɓallin Bias a waje ana gyara ta nan take da kunne. In ba ta da shi, mai silikon irin BC108 ta fi dacewa da ƙasarmu. Tsabtacewarta ba ta kai ta jamaniyum laushi ba, amma ba ta sauya hali tsakanin azahar da isha.

Masu bukatar shiru

Boss Slow Gear SG-1, wadda aka yi daga 1979 zuwa 1982, tana haɗiye farkon sauti ta ɗago shi a hankali har ya yi kama da goge. Asalinta ta yi tsada yanzu, amma Mooer Slow Engine da Behringer SM200 aiki ɗaya suke yi. Sens ya tsaya inda matsakaicin taɓi yake tayar da ita, Attack ya zaɓi tsawon ɗagowar. Ba ta komawa farko sai sigina ta faɗi, don haka dole ka kashe kowane sauti kafin na gaba. Ta zauna kusa da jita, eko a bayanta ya cike giɓin.

Eko mai ja da baya ya shahara ne da TC Electronic 2290 ta 1985, kuma yana cikin Line 6 DL4 da TC Flashback. Yayin da kake kaɗawa maimaicin yana laɓewa, ka tsaya ya fito. Saita lokacin tukuna: raba 60,000 da saurin kiɗa, wato a bugu 120 a minti kowane bugu milisakan 500 ne. Sannan ka sa iyakar ta yadda shafa ba za ta kore ekon ba, duka ne kaɗai zai kore shi. Idan kana jin maimaicin yana shaƙewa yana sakewa a tsakiyar jimla, lokacin dawowarsa ya yi gajere.

Get ɗin surutu shi ne ya fi cin hannu idan aka cika shi. Riƙe tsirkiyoyi shiru, boliyum a 10, ɗaga Threshold har surutun ya ɗauke, kada ka ƙara ko kaɗan. Gwada shafa mafi sanyi da za ka yi a kiɗan, idan ta yanke ka ja baya ka haƙura da ɗan surutu. A kan Boss NS-2, jita ta shiga Input, Send ya tafi obadiraif, ya dawo ta Return, Output ya wuce eko. Ta haka get ɗin yana sauraron jita mai tsabta amma yana rufe surutun obadiraif.

Wuta

Yawancin fedodi bolt 9 suke ci, da kan filogi mai milimita 2.1 wanda tsakiyarsa negatib ce. Wayoyin nan da ake ɗora wa rauta a kan fawa bank, masu ɗaga bolt 5 zuwa 9, yawancinsu tsakiyarsu fozitib ce, kuma kan nasu yana shiga ramin feda daram. Auna da mita kafin ka soka. Adaftar da ta zo daga Amurka an rubuta mata 120V kaɗai za ta ƙone a kan 230V ɗin Najeriya. Foz mai jamaniyum PNP layinsa na ƙasa (ground) fozitib ne, ba ya raba waya ɗaya da sauran fedodi, a ba shi batir nasa. Q-Tron+ bolt 24 take ci da adaftarta.

Gunjin 50 Hz daga wutar layi ko janareta sigina ne a wajen feda. Yana hana filta rufewa sosai, ya hana Slow Gear komawa farko, ya tilasta maka ɗaga get har ya ci shafarka. Adafta mai keɓaɓɓen rami ga kowace feda ta fi waya mai rassa, musamman idan akwai fedar dijital a layin, wadda take jan 100 mA zuwa sama tana zuba surutunta ga sauran. Nisanta wayar jita daga adaftoci da cajar waya, kuma kada tsawonta ya wuce mita 5 ko 6 kafin feda ta farko, don kowace mita tana ƙara kimanin 100 pF da ke shan zaƙin sama. Sabon batir yana nuna wajen bolt 9.5. Idan ya sauka ƙasa da 8 yayin da feda take kunne, wurin da filta take buɗewa ya riga ya gusa. Zare wayar Input bayan kiɗa, ita ce take kunna batir ɗin. Ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallai ta sa su ƙarƙara, har Sens ya riƙa tsalle. A fesa ruwan wanke kwantak kaɗan a murɗa sau 20, ban da fetur, ban da man inji.

Saitin da aka yi a ɗaki ba ya tsira a dandali. Da ganguna sun tashi hannu yana ƙara nauyi da kansa, filta ta tsaya a buɗe, obadiraif ya rasa tsabtarsa. A lokacin gwajin sauti, sa mai ganga ya yi kiɗan da ya fi zafi a jerin, ka maimaita hawa uku a cikinsa, ka sauke Sens na filta da Drive na obadiraif da kimanin rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan har lokacin kana dukan tsirkiya don ka ji kanka, a ƙara maka ƙara a lasifikar da ke fuskantarka. Liƙa farin tef a gefen kowane maɓalli, ka ja layi biyu da biro, ɗaya na ɗaki, ɗaya na dandali, kuma idan jitarka biyu ce kowace da launin bironta.